Muhawara: Nama zalla zai riƙe mutum, kuma daji da filin kiwo za su wadace shi?

Malam Isuhu: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban sa komai a bakina ba sai nama, ƙwai, gishiri da ruwa. Na bar hatsi, na bar sukari, na bar ganye da 'ya'yan itatuwa, kuma a wannan tsakanin na rage kilo 11, kumburin cikin da ke damuna bayan kowane cin abinci ya tafi. Abin da nake da'awa shi ne mutum zai iya rayuwa lafiya da nama kaɗai, kuma idan naman na farauta ne, ko na dabbar da ta ci ciyawa a fili har ranar yankanta, to babu abincin da ya fi shi dacewa da jiki da kuma ƙasa. An gwada wannan tun 1928, lokacin da Vilhjalmur Stefansson, wanda ya zauna shekaru tare da mutanen Inuwit a yankin ƙanƙara, shi da abokinsa Karsten Andersen suka yi shekara guda cur suna cin nama zalla a ƙarƙashin kulawar likitocin asibitin Bellevue da ke New York. Da aka buga sakamakon a 1930, ba a sami alamar lalacewar ƙoda ba, ba a kuma ga cutar nan ta rashin bitamin C mai sa dasashi zubar jini ba.

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Isuhu. Ina taya ka murnar sauƙin da ka samu, kuma ban yi shakkarsa ba, domin duk wanda ya yanke sukari da lemon kwalba da soye-soyen masana'anta a lokaci guda jikinsa zai yi sauƙi, ko nama ya koma ko wani abin. Amma gwajin da ka kafa hujja da shi mutum biyu ne kacal, shekara ɗaya ce tak, kuma ƙungiyar masu kamfanonin nama ce ta ɗauki nauyinsa. Toshewar jijiyoyin zuciya da sankarar hanji ba sa bayyana a shekara guda. Sukan ɗauki shekara ashirin ko talatin suna ginuwa a ɓoye. Akwai kuma abin da masu kawo wannan labari sukan tsallake: a kwanakin farko tsoka zalla aka ba Stefansson, ba kitse, kafin kwana uku sai ga tashin zuciya da gudawa, bai dawo daidai ba sai da aka mayar masa da kitse. A tsawon gwajin kusan kashi uku cikin huɗu na kuzarin da suke samu daga kitse ne, kuma suna cin hanta, ƙoda, ƙwaƙwalwa da ɓargo. Kai kana cin kayan ciki, ko tsoka kake gasawa safe da yamma?

Malam Isuhu: Ina cin hanta sau ɗaya a mako, Dakta. Kuma mutanen Inuwit ai ba mutum biyu ba ne, al'umma ce da ta yi ƙarnoni a kan wannan abinci.

Dakta Rabi: Haka ne, amma su suna cin wani ɓangare na naman ɗanye ko a daskare, har da fatar manyan dabbobin teku da hanta, inda bitamin C yake, alhali dafuwa mai tsawo tana lalata shi. Ƙari a kan haka, wani bincike da aka buga a 2015 ya gano cewa Inuwit na Girinlan suna ɗauke da wasu sauye-sauye a ƙwayoyin gado da suka shafi yadda jiki ke sarrafa kitse, waɗanda ba kasafai ake samunsu a sauran jama'a ba. Binciken da ya fi kusa da irin halinka shi ne na 2021, wanda masana daga Jami'ar Harvard suka tambayi mutum 2,029 masu cin nama zalla. Yawancinsu sun ce sun gamsu, amma su da kansu suka ba da labarin kansu, kuma wanda abin ya cutar ya daina tun da wuri ba ya cikin lissafi. Waɗanda suka kawo sakamakon gwajin jini kuwa, mugun kolestarol ɗinsu, wanda ake kira LDL, ya hau ƙwarai. Hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2015 ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar babban hanji, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa.

Baba Tanko: Ku ba ni dama in sa baki, domin na fi shekara talatin ina farauta. Ɗana Isuhu, maganar kitsen nan da Dakta ta yi ita ce ta rushe rabin da'awarka, domin naman daji ba shi da kitse. Idan na feɗe barewa a ƙarshen rani, sai in bi bayanta da wuƙa har zuwa cinya ban ga farin kitse ko na faɗin yatsa ba, ɗan abin da ke kewaye da ƙoda da ɓargon ƙashi shi ke nan. Zomo kuwa ya fi muni. Mafarautan arewacin Kanada sun daɗe da sanin cewa mutum zai ci zomo ya cika ciki kullum, amma yana ramewa yana rasa ƙarfi, har ya mutu idan bai sami kitse ba. Naman daji nama ne mai kyau, ba na musun wannan, amma wanda ya ce da shi kaɗai zai rayu, sai ya koma wurin mai turkakken sa ya nemi kitse. Sannan akwai harsashi. Harsashin dalma ba ya shiga ya fita sumul, yana tarwatsewa ya bar ɓurɓushi a cikin tsoka nesa da inda ya huda, ɓurɓushin da ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. Wanda ke cin irin wannan nama sau biyu a shekara da wanda ke cinsa kullum ba ɗaya ba ne, musamman idan akwai yara ko mai ciki a gidan. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, ni ma na koma na jan ƙarfe, kuma duk da haka nakan yanke wurin raunin da faɗi in zubar.

Malam Isuhu: Na karɓi wannan, Baba, ban san zancen dalmar ba. Amma ta fuskar ƙasa fa? Dabbar daji ba a sare mata kurmi ba, ba a noma mata masara ba, ba a ɗura mata magani ba. Kuma farauta mai tsari ita ke raya dabbobi: a Amurka dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai, aka zuba kuɗin wajen kula da namun daji, kuma barewar can mai farin wutsiya, wadda ta ragu zuwa 'yan dubban ɗaruruwa wajen 1900, yau ana ƙiyasta ta kai kusan miliyan 30.

Malama Hadiza: Wannan gaskiya ne, Malam, amma mu yi lissafi da alƙaluman ƙasar da ka zaɓa da kanka. Mai cin nama zalla yana bukatar kusan kilo ɗaya a rana, wato wajen kilo 365 a shekara. Barewa guda idan aka cire fata, ƙashi da kayan ciki, da ƙyar take ba da kilo 25, don haka mutum ɗaya zai cinye barewa goma sha biyar a shekara. Mafarautan Amurka suna kashe wajen miliyan 6 a shekara, abin da zai ciyar da masu cin nama zalla kimanin 400,000 a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 330. Dabbobin sun farfaɗo ne saboda an hana sayar da namansu, an ƙayyade lokaci da adadin da kowa zai harba. Lokacin da farauta ke ciyar da kasuwa an ga abin da ya faru: ɓaunar Amurka ta faɗo daga miliyoyi masu yawa zuwa 'yan ɗaruruwa kafin ƙarshen ƙarni na 19, wata tantabarar daji da garkenta ke rufe rana ta ƙare ƙurmus, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Wani ƙiyasi na 2018 ya nuna cewa idan aka auna nauyin dukan halittu masu shayarwa a duniya, dabbobin gida kashi 60 ne cikin ɗari, mutane 36, namun daji kashi 4 kacal. Daga wannan kashi 4 ɗin ba za a ciyar da duniya ba.

Alhaji Garba: Malama, a kan daji na bi bayanki, amma kada a haɗa mu masu kiwo a ciki. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar noma ta duniya makiyaya ce, kuma yawancinta ba ta nomuwa: ko tudu ne mai duwatsu, ko ruwan sama bai isa ba. Saniya tana cin ciyawar da ɗan Adam ba zai iya narkarwa ba, ta mayar da ita nama da nono, kuma masana na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta a 2017 cewa kashi 86 cikin ɗari na abin da dabbobin gida ke ci ba abincin mutum ba ne. Ni na raba filina gida-gida da waya, shanu su kwana biyu a wuri ɗaya in matsar da su, ba sa komawa sai ciyawa ta kai gwiwa. Wurin da na tarar fako ne yana kwarara ruwa, yau idan ka kafta da fartanya za ka ga ƙasa baƙa mai laima da tana a ciki. Sa guda mai kyau yana ba da nama wajen kilo 200, shanu biyu sun ishi Malam Isuhu shekara.

Malama Hadiza: Shanu biyu ga mutum ɗaya, Alhaji, alhali shanun duniya duka wajen biliyan ɗaya da rabi ne, mutane kuma sun haura biliyan 8. Aikin da ka yi a filinka abin yabo ne, sai dai kai ma ka san cewa sa mai cin ciyawa ya fi turkakke daɗewa kafin ya kai yanka, kuma duk ranar da ya ƙara a raye yana tuƙa yana gyatsar iskar mitan mai ɗumama duniya. Wani bincike na 2018 ya lissafa cewa da Amurka za ta koma kiwon ciyawa zalla ba tare da rage yawan naman da take samarwa ba, sai ta ƙara shanu kashi 30 cikin ɗari, kuma makiyayar da take da ita yanzu kashi 27 kawai na wannan nama za ta iya ɗauka.

Alhaji Garba: Ban ce kowa ya koma cin nama zalla ba, kuma ni kaina ba na yi. Abin da na tsaya a kai shi ne filin da ba ya nomuwa a bar shi ga dabba.

Malam Isuhu: To, batun cewa tsarin zai wadaci kowa na janye shi, lissafin Malama ya fi ƙarfina. Amma abin da na ji a jikina ba zan musanta shi ba, kuma ban ga dalilin komawa ga abincin da ke kumbura mini ciki ba.

Dakta Rabi: Ba na ce ka koma jiya ba, Malam. Ka je a auna maka kolestarol, aikin ƙoda da sinadarin da ke jawo ciwon gaɓoɓi na gawut, kuma tun da kana cin naman harbi, a duba dalma a jininka. Bayan haka ka riƙa dawo da abinci ɗaya-ɗaya, kowanne mako biyu, ka fara da dafaffen ganye, domin mai yiwuwa abu guda ne ko biyu ke damun cikinka, ka kori sauran ba da laifinsu ba. Ka taɓa yin gwajin jini kafin ka fara, don mu sami abin kwatantawa?

Malam Isuhu: Na yi, watanni uku kafin in fara, kuma takardar tana nan a ajiye. Zan sake yin wani a wannan makon in kawo miki duka biyun.