Yaya zan dawo da bakin wuƙata ta Mora bayan an wasa ta a inji?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wuƙar Morakniv Companion, ƙirar garin Mora na ƙasar Suwidin, irin mai baƙin ƙarfe da ba a naɗewa, ruwanta kamar santimita 10. Shekara biyu ina shiga daji da ita, ina fiƙe turaku da sassaƙa itace, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Irin waɗannan wuƙaƙe gangara ɗaya ce mai faɗi take sauka har kaifi, ita ake kwantarwa a kan dutse a wasa. Ban san haka ba, na kai ta kasuwa aka ɗora ta a inji. Yanzu gangarar ta yi ƙusumbi, an ƙara mata wani siririn baki, tsinin kuma ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi. In na sa ta a itace zamewa take yi, ba ta kamawa. Abin yana damuna ƙwarai.

Na yi kwana uku ina gurza ta a dutse da ruwa, tsakiyar kawai ke ƙyalli, kaifin bai taɓu ba. In ci gaba a haka, ko in nemi dutse mai kaushi tukuna? Wurin da ya yi shuɗin nan kuma, zai sake riƙe kaifi, ko sai na cinye shi gaba ɗaya? Don Allah wanda ya taɓa gyara irinta ya taimaka min.