Kiɗan zaman hira da kiɗan dandamali: yaya ta kasance muku?

MaiSarewa: Jama'a, shekara shida muna haɗuwa da abokai muna waƙoƙin gargajiya. Wanda ya manta baiti sai a yi dariya a ɗago masa. Makon jiya muka hau dandamali gaban mutanen da suka sayi tikiti. Mawaƙinmu ya ɓace a baiti na uku, ya tsaya yana murmushi yana jiran ɗauki. Wuri ya yi tsit. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Tsirkiya: Sannu ɗan'uwa. Ni jita ce ta kunyata ni. A gida da kunne nake saitawa, kowa ya bi ni. A wajen taro mai akodiyan (abin kiɗa mai zugazugi) yana kan 440, wato ma'aunin sautin da aka saba saita kayan kiɗa a kai, shi kuwa saitinsa ba ya sauyawa, ni ina ƙasa kaɗan. Ga zafin fitilu ya ƙara sassauta tsirkiyoyin. Makirufo kuma ba ya rufa asiri, har karcen yatsa sai ya kai kujerar baya.

Kaka Mai Amshi: 'Ya'yan nan, kada ku raina zaman hira, shi ma da dokarsa, ba a dai rubuta ta ba. Akwai wani da ke zuwa mana da ganga, hannunsa da kyau, amma ba ya saurare. Duk waƙar da aka ɗauko sai ya ja ta da gudu har numfashin mai rerawa ya ƙare. Ba wanda ya ce masa uffan. Da ya zauna sai hira ta ɓarke, kayan kiɗa su koma jaka. Wata uku ya gane.

MaiSarewa: Kaka, ai gara a faɗa masa.

Kaka Mai Amshi: Wa zai fara?

Ɗalibin Kiɗa: Nawa akasin naku ne. Mun yi atisaye har waƙar ta yi santsi, ba kuskure ko ɗaya, mutane suka tafa don kunya kawai. Na tuna muryoyin fursunonin da masu tattara waƙoƙin gargajiya, John Lomax da ɗansa Alan, suka naɗa a gidajen yarin kudancin Amurka tun 1933: ga kaushi, ga tari, amma tsigar jikinka sai ta tashi.

Tsirkiya: Malam, su ba tikiti suka sayar ba. Wanda ya bar gidansa ya biya kuɗi, ko ba komai a haddace masa baitocin.

MaiSarewa: Mawaƙin namu dai ya ce gaba da takarda zai hau. Rigimar da muke ciki ke nan yanzu.