Neman shawara: kwana huɗu a mota cikin hamadar Amurka, tare da Hajiya

Abdul-Mumin, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Amurka, musamman ɓangaren Nevada da Kalifoniya. Matar ƙanina da ke Las Vegas ta haihu, kuma Allah ya sa ni da mahaifiyarmu mun samu biza, za mu tashi daga Accra a tsakiyar Disamba in sha Allahu. Ƙanin nawa ya samu hutun kwana huɗu a wurin aiki. Hajiya ta ce ita ba ruwanta da fitilun gari, rairayi take son gani. Kakanta falke ne, tun tana yarinya take jin labarin hamada da ayarin raƙuma a bakinsa, amma ba ta taɓa wuce Tamale ba. Ina so ƙwarai in cika mata wannan buri tun da sauran ƙarfinta.

Abin da na tsara shi ne mu yi hayar mota mu je Grand Canyon, mu dawo mu shiga Death Valley, mu gangara Joshua Tree da Palm Springs, sannan mu koma gida. Ƙanina ba zai iya ce mini komai ba, don daga aiki sai gida, bai taɓa fita bayan gari ba. Shekarun Hajiya 68, tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Kwanakin za su isa? Yaya sanyin wurin? Lasisina na Gana zai yi aiki? Sai kuma batun abinci da salla a hanya. Allah ya saka da alheri.

Sulemana, ɗan Sawaba mazaunin Kalifoniya:
Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya raya abin da aka samu. Babbar mota nake tuƙawa a waɗannan hanyoyi, don haka ka saurare ni da kyau: tsarin nan naka ya yi wa kwana huɗu yawa, ballantana da tsohuwa a mota.

Ka fara cire Grand Canyon. Daga Las Vegas zuwa bakinsa na kudu kusan kilomita 450 ne, ya fi Kumasi zuwa Tamale nisa, kuma gabas yake alhali sauran wuraren duk yamma da kudu suke. Wurin tudu ne, sama da mita 2,000, a Disamba ƙanƙara na sauka, wani lokaci hazo ya rufe ramin ka tsaya a baki ba ka ganin komai. Zuwa da dawowa sun cinye maka kwana biyu.

Abin da 'yan gida ba sa lissafawa shi ne gajartar yini. A Kumasi mun saba magariba wajen ƙarfe shida duk shekara. Nan a Disamba ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, kafin biyar duhu ya rufe, kuma hanyoyin hamada babu fitila ko ɗaya. Duk abin da za ku gani sai ku gan shi tsakanin bakwai na safe da huɗu na yamma.

Ga yadda zan yi da ni ne. Ranar farko ku fita bayan asuba ku bi ta Pahrump, wajen awa ɗaya daga gari. A nan za ku cika tanki ku sayi ruwa da burodi, don man cikin Death Valley tsadarsa ta wuce hankali. Wata awa ɗaya kuna Zabriskie Point, wurin tsayawa a kalli tsaunukan Death Valley, daga nan Furnace Creek, sai ku gangara Badwater. Wannan shi ne wuri mafi zurfi a duk Arewacin Amurka, mita 86 ƙasa da matakin teku. Fili ne na gishiri fari fat har iya ganinka. Idan ka juya baya ka ɗaga kai, can sama a jikin dutse akwai allo da aka kafa don nuna inda matakin teku yake. Ka nuna wa Hajiya shi. Wurin shimfiɗe yake, daga mota akwai dandamalin katako, gwiwarta ba za ta wahala ba.

Kwana a Furnace Creek akwai tsada. Ku fita zuwa Beatty, ƙaramin gari a Nevada, ƙasa da awa ɗaya. Jakunan daji na yawo a titinsa, jikokin waɗanda masu haƙar zinariya suka saki, saboda haka ka rage gudu in za ka shiga. Kusa da shi akwai Rhyolite, garin da ya tashi bayan an gano zinariya a 1904, bai yi shekara ashirin ba ya zama kufai. Bangon banki da tashar jirgin ƙasa suna nan tsaye.

Rana ta biyu ita ce ta Hajiya. Ku kasance a tuddan rairayi na Mesquite Flat, kusa da Stovepipe Wells, lokacin fitowar rana. Iskar dare ta share sawun mutane, sai na ƙananan dabbobi za ku gani a kan yashin. Taku kaɗan daga inda ake ajiye mota kun shiga rairayi. Ku shimfiɗa mata darduma ta zauna, kada ku hanzarta ta. Da yamma ku kwana Pahrump.

Rana ta uku tafiya ce zalla, wajen awa huɗu zuwa biyar: Shoshone, Baker, Kelso, Amboy, Twentynine Palms. Ka cika tanki a Baker ko da rabi ne a ciki, domin dajin Mojave da ke gabanka babu gidan mai a cikinsa. Rana ta huɗu ku shiga Joshua Tree da sassafe, ku fito da azahar, awa uku da wani abu kuna Las Vegas. Palm Springs ka bar shi sai wani zuwan.

Nasiru, Madina:
Yaya Sulemana, ina girmama maganarka, amma ban yarda da cire Grand Canyon ba. Mutum ya biya kuɗin jirgi daga Accra har can, ya dawo a tambaye shi ya ce bai gani ba? Ni da na tsaya a bakinsa kasa magana na yi. Gara a cire Joshua Tree, itatuwa ne da duwatsu kawai.

Sulemana:
Nasiru, kai da bazara ka je, kuma kai kaɗai. Ita rairayi ta ce, Grand Canyon kuwa rami ne. In Abdul-Mumin na so, shi da ƙaninsa su tafi wani ƙarshen mako su bar ta gida da jika.

Hajiya Fati, Old Tafo:
Ɗana, ni nas ce, kuma na kai tawa uwar can wurin 'yata, don haka kan Hajiya zan yi magana.

Kada kalmar hamada ta ruɗe ka. Gaskiya ne a Furnace Creek aka auna digiri 56.7 a watan Yulin 1913, amma wannan zancen bazara ne. A Disamba tsakar ranarsu wajen digiri 18 ne, wato bai ma kai ɗumin asubar hunturunmu ba, da dare kuma ya sauko wajen 4. Joshua Tree ya fi tudu, can ruwa na iya daskarewa da dare. Kada ka sayi kayan sanyi a kasuwar Kejetia da ka, ka bari ku isa surukarta ta kai ta kanti a gwada mata: riga mai kauri, wandon ciki da za ta sa ƙarƙashin zane, safa, safar hannu, da takalmi rufaffe. Silifa ba za ta yi ba.

Maganinta na hawan jini ya zauna cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu, tare da takardar likita, kuma ya wuce adadin kwanakin da za ku yi. Tsakaninmu da su awa takwas ne a wannan lokaci, ku tambayi likitanta tun nan yadda za ta juya lokacin sha. Kada ku hau hanya sai ta yi aƙalla mako guda ta warware. Inshorar lafiya ta matafiya kuma wajibi ce, asibitin Amurka ba wurin shiga hannu rabbana ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Iskar can busasshiya ce, ga sanyi, mutum ba ya jin ƙishirwa. Tsofaffinmu kuma sukan ƙi sha da gangan don kunyar cewa a tsaya su kewaya, balle gaban 'ya'ya maza. Kai za ka riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya da rabi ba sai ta nema ba, ka ce kai ne kake so, ta taka ƙafa ta sha ruwa. Lita huɗu ga kowane mutum a yini shi ne abin da ma'aikatan dajin ke cewa a riƙe. Man kaɗanya ma ku ɗauka, leɓe da dunduniya za su tsage. Zabriskie akwai ɗan hawa, in ta ga ba za ta iya ba kada ku matsa. Dante's View kuwa, wani tudu a Death Valley, daga gefen mota ake ganin kwarin duka, amma iskar wurin na yanka, minti goma ya isa.

Malam Awudu, Asawase:
Allah ya kai ku lafiya. A Las Vegas za ku cika salla tunda zamanku ya wuce kwana huɗu. Da kun fita wannan tafiya kuwa ta zarce kilomita 80 nesa ba kusa ba, sai ku yi ƙasaru, kuma akwai sauƙin haɗa azahar da la'asar, magariba da lisha. Da gajeren yini irin wanda Sulemana ya faɗa za ku buƙaci wannan sauƙi.

Ku kula da alƙibla. A can ba gabas ba ce, arewa ce a ɗan karkata dama. Ka duba ta tun a masauki ka riƙe, don waya ba ta samun layi a yawancin dajin. Ku tafi da buta da galan na alwala daban da na sha, saboda bayan gidan da ke wuraren tsayawa yawanci rami ne babu famfo. Ruwan ɗumi a fulas saboda alwalar asubar Hajiya.

Usta Garba, Magazin:
Oga Mumin, motar haya ka duba ta kamar kai za ka saya. Sababbin motoci da yawa yanzu ba su da safaya, ka buɗe but ka gani da idonka kafin ka sa hannu, da jak da sifana. Kada ka sauka daga kwalta ko waya ta ce maka ga gajeriyar hanya, tsakuwar hamada na yanka taya, kuma galibin masu ba da haya ba sa ɗaukar asarar da aka yi a hanyar burji. In mota ta tsaya ku zauna kusa da ita, kada wani ya ce zai taka neman taimako.

Rabi, Nima:
Don Allah kada ku sa kilishi ko wani nama a kaya, kwastan ɗinsu ba sa bari. Duk abincin da kuka riƙo, ko gari ne, ku bayyana shi in an tambaya. Naman halal akwai shi a Las Vegas. Mai jego ba za ta iya girki ba, ku da kanku ku soya kaza ku dafa ƙwai ku zuba a kula da ƙanƙara, don a Beatty da Baker ba za ku samu na yanka ba. Kifin gwangwani da burodi da shito sun fitar da ni.

Abdul-Mumin:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya duka, ta ce a gaishe da Hajiya Fati musamman. Grand Canyon mun ajiye shi. Yaya Sulemana, saura batun lasisi. Kuma Hajiya ta ji an ce ana noman dabino a wajen, tana tambaya ko hanyarmu ta bi ta gonakin.

Sulemana:
Baƙo na iya tuƙi da lasisin ƙasarsa in bai mutu ba, amma ka je DVLA, hukumar lasisin Gana, ka karɓi na ƙasa da ƙasa ka haɗa, wasu masu hayar suna nema. Mafi sauƙi ƙaninka ya ɗauki motar da katinsa na banki, a rubuta sunanka a matsayin direba na biyu. Hannun dama suke bi kamar mu. Allon gudu da mil yake, 65 ɗinsu ya haura kilomita 100. Inda ka ga STOP ka tsaya cak ko babu kowa. In ɗan sanda ya tsayar da kai kada ka fito, ka sauke gilashi ka ɗora hannu a sitiyari. Kafin ku fita kowace safiya ku duba shafin hukumar dajin, domin ruwan sama kaɗan na yanke hanya. A Agustan 2023 ambaliya ta sa an rufe Death Valley kusan wata biyu.

Dabino gaskiya ne. Yawancin na Amurka daga kwarin Coachella yake fitowa, wajen garin Indio, kuma irin Medjool ɗin daga Maroko aka kawo shi a 1927. Sai dai Indio kudu yake da Joshua Tree, daga can zuwa Las Vegas awa huɗu ne ko fiye, ba zai shiga rana ta huɗu ba. In ƙaninka zai iya roƙon ƙarin kwana ɗaya, ku ratsa dajin ku fita ta ƙofar Cottonwood ku kwana Indio. Ya tambayi ogansa tun wannan makon, don makon Kirsimeti masaukai na cika da wuri.