Shawarwarin da muka tattara kan hanyoyin Kano da lafiyar jama'a

Ranar Asabar bayan sallar isha'i majalisar unguwarmu ta tattauna kan zirga-zirgar ababen hawa. Akwai direbobin adaidaita sahu, da wani ma'aikacin jinya, da dattawa biyu.

Gudu ne ya fi cin lokacinmu. Ma'aikacin jinyar ya ce raunin kai da karaya su ya fi gani cikin dare, kuma mafi yawansu gudun ganganci ne sila. Tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, ta wajabta na'urar taƙaita gudu a motocin haya, amma wa ke dubawa? Shawarar ita ce a riƙa duba ta a tasha kafin mota ta ɗauki fasinja. Na goyi bayan wannan ƙwarai, domin idan mota ta hau titin Zariya, magana ta ƙare.

Sai hayaƙi. Bayan hana acaɓa a 2013, adaidaita sahu suka cika gari, masu asma da yara 'yan makaranta na shaƙa kullum. Wani direba ya ce, "Baba, a kawo manyan motocin safa masu amfani da iskar gas, amma a sama mana wata sana'a tukuna." Gaskiyarsa ce.

An nemi gadar ƙafa da fitilu kusa da makarantu da kasuwanni.

Tankar mai kuwa, bayan gobarar Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 da ta kashe fiye da mutum 150, an roƙi a ware wa tankokin hanyar bayan gari, a kuma yi ta gargaɗin jama'a su guji ɗibar man da ya zube.