Ina neman taimako kan kalsait da afatait na dutsen kabonatait

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu nazarin duwatsu. Aikin digirina na biyu ya cije, ku taimaka min.

Samfuran kabonatait ne (dutsen da ya daskare daga narkakken dutse mai yawan sinadarin kabonat) daga Falabora ta Afirka ta Kudu, dutsen da ya kai shekara miliyan 2,060. Da na auna kalsait ɗin (ma'adinin kabonat da ke cikin dutsen), tsakiyar ƙwayar cike take da sinadarin sitirontiyum, alamar daga narkakken dutse ta daskare, amma gefunanta sun yi fayau, babu shi. Afatait kuwa, wani ma'adinin da ke cikin dutsen, ta yi zobe-zobe a madubin ƙara girma, wani da haske, wani dishi-dishi.

To, yaya zan bambance canjin da ya faru lokacin daskarewa da wanda ruwan zafi ya yi daga baya? Malamina ya ce in auna isotof (nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi) na oksijin da kabon, sai dai kuɗin ya fi ƙarfina. Shin sinadaran afatait kaɗai za su nuna ko kabonat ɗin ya rabu da silikat (ɓangaren narkakken dutsen mai sinadarin silika) ne kamar mai da ruwa, ko kuwa ragowar daskarewa ne? Kwatanci da kabonatait na Oldoinyo Lengai, dutse mai aman wuta na Tanzaniya, bai gamsar da ni ba, don nasa sodiyum ya yi yawa.

Wanda ya taɓa irin wannan aikin, don Allah ya haska min.