Neman shawara: kuɗin sitirif na gwajin sugan mahaifiyata ya fi ƙarfina

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata tana fama da ciwon suga, kuma ni nake ɗawainiyarta tun rasuwar mahaifinmu, domin yayana ya ce nauyin iyalinsa ya ishe shi, alhali shi ya kawo na'urar gwajin da aka ba shi kyauta. Ba mu san sitirif, wato ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini a sa a na'urar, shi ne ke cin kuɗi ba sai da goman da suka zo cikin kwalin suka ƙare. Muna gwaji sau 4 a rana, wato 120 a wata, robar sitirif ɗin kuwa 50 ne a cikinta. Wani ya yi mini tayin waɗanda wa'adinsu ya wuce a kan rahusa. Shin in saya?

Wani dattijo: Kada ki saya, 'yata. Sinadarin da ke bakin sitirif yana lalacewa, sai na'ura ta ba ki lambar ƙarya. Kyautar nan tarko ce, domin kamfanonin suna sakin na'ura da arha ne su ci riba a sitirif, kuma na wani kamfani ba ya shiga na'urar wani. Ki jefar da na'urar, ki nemi wadda sitirif ɗinta ya fi sauƙi.

Wata 'yar uwa: Ni na'urar mai arhar sitirif na saya, na yi nadama. Na kuma taɓa barin roba a buɗe cikin mota, zafi da danshi suka lalata ta gaba ɗaya, mai kantin ya ƙi ko saurarona.

Wani ɗan uwa: Ba ki faɗa mana ko allurar insulin take yi ko ƙwaya take sha ba, kuma a nan maganar take. Mai allura yana buƙatar gwaji akai-akai saboda sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, wato ya yi ƙasa sosai, amma mai ƙwaya likita kan rage masa yawan gwajin, ya haɗa da gwajin HbA1c wanda ke nuna matsakaicin sugan kusan wata 3.

Dattijon: Na shekara ina wannan harka, canza na'ura ne kawai mafita.

Mai neman shawara: Na gode, Baba, amma Mama ta saba da wannan, lambobinta manya ne, tana gani ba sai da tabarau ba. Gwaji 4 kuwa ni na tsara, domin ranar da ta yanke jiki ta faɗi babu kowa a gidan sai ni. Mai sitirif ɗin ya ce wata 2 kacal suka wuce, kuma gobe zai kai wa wani.