Kaya sun cika sif amma na rasa na sawa, dan Allah ku ba ni shawara

Maman 'Yan Biyu, Tunfure:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina wuninmu, ya gida ya yara. Admin dan Allah a bar min wannan ya wuce, shawara nake nema. Sif ɗina ƙofa uku ce amma yanzu sai na danna da gwiwa take rufuwa, ga akwatunan lefe a samanta, ga Ghana-must-go a ƙarƙashin gado, amma in fita ta taso min wlh 'yan kalolin nan da aka san ni da su, su nake ta juyawa. Yawanci anko ne, na biki na suna na walima, an sa rana ɗaya an ninke. Wasu tun haihuwar 'yan biyu ba sa shiga ta, wasu kuma abayoyi da matiriyal ne da na saya a sitatus, a hoto daban a hannu daban, sai turamen lefe da har yau ban kai ɗinki ba. Abbansu ya ce shi kam ba zai ƙara sayen wata sif ba, kuma gsky ban ga laifinsa ba. Ya zan yi in rage su ba tare da na dawo ina cizon yatsa ba, kuma ya ake daina sayen abin da ba za a sa ba?

Amaryar Bana, Pantami:
Kamar kin leƙo ɗakina kika rubuta. Na shimfiɗa tabarma a nan ina jiran amsa.

Adda Malama, Jekadafari:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki ce za ki dinga zaro ɗaya-ɗaya daga cikin sif ɗin, ba za ki gama ba, duk wadda kika ɗago sai zuciya ta ce ai wata rana. Ki sami Asabar da ba ki da fita, ki tura yara gidan kakarsu, ki juye komai a kan gado har na akwatin da na jakar, sai kin ga tsibin da idonki tukunna tausayin kayan zai fita daga ranki. Sannan kowace riga ki saka ta a jikinki a gaban madubi, ba karawa a ƙirji ba, sakawa. Wadda ta shiga kuma za ki iya fita unguwa da ita gobe ta koma sif. Wadda zif ne ya mutu ko ɗan buɗawa take so, ki ware ta a leda ki kai wa tela a satin nan, in leda ta yi wata a bayan ƙofa to ba kya son kayan ne, ki haɗa da na kyauta. Sauran duka waje. Ni ma'aunina Sallah ce: abin da ƙaramar Sallah da babba suka wuce, damina da sanyi suka wuce ban taɓa shi ba, ba nawa ba ne kuma. Kuma maganar in na rame zan sa, ki bar ta, ko kin rame lokacin an daina yayin ɗinkin.

Anti Mai Ɗinki, Herwagana:
Bari in yi magana a matsayina na wadda keke ke ciyar da ita. Rabin kayan da kuke kuka da su ba yadin ne matsala ba, ɗinkin ne. Mace za ta zo min da hoto daga Instagram ta ce irin wannan fitet ɗin sak, a matse nan a ɗame can, a zuba duwatsu, a sa hannu mai tudu, in ce mata Hajiya a bar rara a ciki ta ce a'a zai ɓata shef, bayan wata shida ciki ya shiga ko jiki ya buɗe shi ke nan leshi mai tsada ya tashi a banza, don abin da almakashi ya yanka ba ya dawowa. Maman biyu ki juya rigunan nan ki duba cikinsu, in tela ya bar rara ko inci ɗaya ne kowane gefe za a iya buɗawa. In babu, siket ɗin atamfa yana fitar da rigar yarinya tsaf, ɗankwalin da ba a yanka ba a yi hannu da shi ko a ƙara a gefe, zani kuwa ai ba ya tsufa, ko na goyo ko na zaman gida. Riga da siket masu duwatsun gam su ne ba su da ceto sosai.
Nan gaba duk yadin da kika san kuɗi ne ki yi masa bubu ko doguwar riga mai walwala ko riga da zani. Da ciki ki sa, da goyo ki sa, in kin gaji da shi ki ba wa kowa ya shige shi. Fitet ki bar wa ƙaramar atamfa.

Hajiya Babba, Bolari:
'Yata duk abin da za ki fitar ki fitar, amma turamen da ba a ɗinka ba kar ki taɓa su. Mu a zamaninmu turmi ajiya ne, ranar da ta ɓaci shi ake ɗauka a ba dillaliya. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 aka saki naira, dala ta haura naira 1,500 a 2024, je ki Babbar Kasuwa ki tambayi kuɗin irin atamfar da aka sa miki a lefe ki ji, sufa da Holan daga waje ake kawo su, Getzner ma ta Ostiriya ce, duk da dala suke tafiya. Ga barka, ga gudummawar biki, ga kayan Sallar yara, turmi yadi 6 zai fitar miki da 'yan biyun nan har da ragowa. Ki dai dinga fito da su bayan damina ki baza su a inuwa su sha iska, ki sauya ninki don kar layi ya zauna, ki jefa kafur a akwatin saboda asu da kyankyaso, kuma kar ki jingina akwati da bango mai danshi, fumfuna in ta kama farin leshi sai dai haƙuri.

Ummu Sultan, Federal Lokos:
Hajiya ki yi haƙuri amma ni ban yarda duka ba. Babbar atamfa da shadda eh, suna riƙe daraja. Amma leshi da matiriyal yayi gare su, na shekara uku baya yanzu ko dillaliya sai ta yatsina fuska ta yi miki tayin wulaƙanci. Takalma da jakunkunan lefe kuma in ba fata ta gaske ba ce zafin Gombe kaɗai ya ishe su, ki buɗe akwati ki tarar suna ɓarewa ba ki taɓa sawa ba. Waɗannan a sayar ko a bayar tun suna da kyan gani.

Hajiya Babba, Bolari:
Na yarda da maganar takalman. Leshin dai a duba, ba duka ba.

Maman Iman, Nasarawo:
Ni dai a tsaya a kan anko don can ne ramin yake, in ba a toshe shi ba ko yau ta kwashe sif ɗin kafin shekara ta sake cika. Biki ɗaya a fitar da kala uku, na kamu daban na dina daban na wuni daban, har da ashoke da mayafi, kuma mai fitarwa ta ɗora ribarta a kai kowa ya sani ana shiru. Ni na yanke: ankon 'yan ɗakinmu da na ƙannen maigida kawai nake yi, shi ma kala ɗaya. Na ƙawar ƙawa da 'yar maƙociyar goggo, in sa wanda nake da shi mai kusan kalar, in kai gudummawata a ambulan. Amarya ta fi bukatar kuɗin a kan in yi kama da kowa a hoto.

Amaryar Bana, Pantami:
Hmm Anti faɗa da sauƙi. Ki ƙi yin ankon dangin miji ki ga yadda za a yi da ke a gurup ɗin gida, a ce amarya tana ji da kanta.

Maman Iman, Nasarawo:
Shi ya sa na ce na dangin miji ina yi ai. Ke da kike sabuwa ki yi na shekarar farko ki sayi zaman lafiya, amma ki kai wa Anti Mai Ɗinki ta yi miki bubu.

Mai Kayan Sitatus, Tudun Wada:
To ni ce dai ake zagi a fakaice, mu masu sayarwa a waya. Gaskiya ɗaya ce, hoton da muke ɗorawa yawanci daga wajen dila yake zuwa, Kwari ko Legas, an haska fitila an gyara kala, mu ma wani lokacin sai kaya sun sauka muke ganin zahiri. Kafin ki tura kuɗi ki ce a yi miki bidiyo a tsakar gida da rana, a buɗe yadin a ɗaga shi, ki tambaya yadi nawa ne, kuma in bai yi ba ana canzawa ko ba a yi. Wadda ta ƙi yi miki bidiyo ki wuce. Atamfa in ta zo hannu ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a gefe ki ga ko tana zuba, ki zare zare ɗaya ki kusanta da ashana, auduga toka take zama, roba kuwa narkewa take ta dunƙule, kuma ita ce in kin sa a watan Maris kamar an naɗe ki a leda. Sai maganar saura ɗaya Hajiya, an kusa kwashewa, wlh kar ta ɗaga miki hankali, ki kwana biyu, in har kin tashi kina tuna kayan kuma kin san inda za ki sa shi da mayafin da zai hau, ki saya. Abin da ya fi cika wa mata sif shi ne ɗauki ki biya a hankali, don ba ki ji zafin fitar kuɗin ba lokacin ɗauka. Ni kaina na rage bayarwa, bin bashin ya ishe ni.

Malamar Islamiyya, Kumbiya-kumbiya:
Allah ya saka wa kowa. Ƙarin da zan yi, in za a bayar a bayar da mai kyau, a Suratul Baƙara aya ta 267 an hana mu nufar lalatacce mu ce shi za mu ciyar. Wanda ya yage ko ya koɗe a yi tsumma da shi, wanda za a ba mutum a wanke a goge a ninke a sa a leda. Kuma a lura da anko, kar ki ba wa wadda kuke haɗuwa a taro ɗaya, ta sa a nuna ta a ce ai na bikin wance ne, ki aika ƙauye ko wata unguwa ta hannun wadda ta san mabuƙata. Tufafin sawa ba zakka a kansu, sai in an mayar da su kayan sayarwa.

Maman 'Yan Biyu, Tunfure:
Na gode sosai 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Na juye su kamar yadda Adda ta ce, yanzu haka ba wajen kwanciya a gadon. Inda na tsaya, akwai leshi biyu da Hajiyar Abbansu ta ba ni da hannunta, kalar ba ta yi min ba ko kaɗan, da kuma kayan da na sa ranar kamuna. Su ma a fitar?

Adda Malama, Jekadafari:
Na kamu ki ajiye, kala ɗaya ba ta cika sif. Na surukarki kuwa kul, ko da wasa kar ta gan shi a jikin wata. Ki ɗinka ɗaya ki sa ranar da za ki je gaishe ta, ɗayan ya zauna cikin turamen da Hajiya Babba ta ce ki ajiye.

Amaryar Bana, Pantami:
Maman biyu abayoyin nan saiz nawa ne? In akwai baƙa mara duwatsu ina so.

Admin:
Ciniki sai ranar Juma'a kamar yadda dokar gurup ta ce, mai so ta bi ta ta gefe.